Dawar da Ƙwaro Ya Ƙi

Wani ne can bayan garin Mai Wurno na ƙasar Sudan, ba zan faɗi sunansa ba don jikokinsa na gaishe ni. Kowace shekara ƙwaro ke raba dawarsa da shi. Wata shekara ya samu shawal biyar, wato buhu biyar, ya rantse ko ƙwaya ba zai bar masa ba.

Ya tafi wurin Hajja Maijidda, tsohuwar da ba a taɓa jin hatsinta ya ɓaci ba.

Ta ce, "Ya ɗana, ganyen nim, darbejiya ke nan. Ka shanya a inuwa, ka daka, ka barbaɗa tafi ɗaya cikin kowane shawal."

"Tafi ɗaya kaɗai, Hajja?"

"Ɗaya."

A hanya ya ce wa kansa, "Tsohuwa da rowa! Har ganyen Allah take yi wa awo."

Ya hau itacen nim na ƙofar gida, ya yi masa aski tas. Ya wuce na maƙwabta. Ya daka, ya ƙara shatta, barkonon nan mai sa jaki hawaye. Unguwa ta wuni tana atishawa, liman ya kasa kai Fatiha ƙarshe. Ya juye gari cikin dawa, ya yayyafa ruwa wai don magani ya kama jikinta, ya shanya, ya ɗinke. Shawal biyar suka koma bakwai.

Matarsa Widad ta sheƙe, ta wanke, ta sake wankewa, ta kai niƙa, ta yi kisra, wainar nan mai faɗi. Autansu ya kai loma, ya yi kuka har da shiɗewa.

Ta ce, "Wannan mi ne, ya Abul iyal, uban yara?"

"Ilimi ne. Ku daure."

Aka zuba wa kaji, suka kalla suka wuce. Akuyar da ke cin leda ta shinshina, ta yi atishawa, ta bar gidan.

Widad ba ta yi faɗa ba, 'yar albarka. Da rana ta yi, sai ta tasa ɗiyanta shida ta tsallaka wurin matar maƙwabcinsu Abdulmuttalib, wai gaisuwa. Gaisuwa kullum, safe da yamma, kuma daidai sauke tukunya.

Aka kwana biyu a haka. Shi gwanin namu ya rame, wando sai da igiya. Rannan ya hangi Abdulmuttalib a ƙofar gida da akushin tuwo. Ya yi sallama, ya wanke hannu kafin a ce bismilla.

Yana loma yana cewa, "Ya zol, mutumina, ka zo ka ga ikon Allah. Shawal bakwai, ko ɗinki ɗaya bai motsa ba! Kai fa?"

Abdulmuttalib ya ce, "Tawa ta kusa ƙarewa."

"Kash! Ƙwaro ne. Wallahi ƙwaro ne."

Ya miƙa hannu ya yanko wata lomar.

Abdulmuttalib ya ce, "Ƙwaro ne kam. Shida da uwarsu na sani, yau ga uban ya iso."