Tsinken Buɗe Kwaɗo Ba na Sayarwa Ba Ne

"Lafiya ƙalau, amarya, lafiya sumul! Mutanen gida duk suna gaishe ki. Ke dai kashe min wannan ƙarar ki saurari mijinki, yau da magana na zo."

Jikar ta kashe injin yanka makulli, ta hure garin ƙarfen da ke kan kantar shagon, ta dubi kakan nata sama da ƙasa.

"Ikon Allah! Wa ya biyo ka, ango? Ko mutuwar ce ta tuna da kai?"

Tsoho ya tsaya yana mayar da numfashi. Shi ya kafa shagon nan. Shekara arba'in da biyu ya yi a cikinsa yana yanka makulli, yana buɗe wa mutane ƙofofin da suka kulle kansu a waje, sai da hannunsa ya fara rawa ya miƙa wa 'yar babban ɗansa komai, har tsinken ƙarshe. Ita kaɗai ce cikin jikokinsa ta yarda baƙin mai ya shiga farcenta. Tun daga nan, shekara uku cur, aikinsa zama a benci a ƙofar mai aski, yana gyara duniya da baki.

To yau da safe makullin mai askin ya suɓuce ya faɗa cikin kwata, mutane sun yi layi, wani har ya kawo guduma. Sai mai aski ya ce, "Haba! Ga Baba a zaune za a fasa min kwaɗo?" Wallahi maganar nan ta yi wa Tsoho daɗi har cikin ƙashinsa. A gaban kowa ya ce a ba shi awa ɗaya, ya taho kamar zai tashi sama.

"Aiki na samu," ya ce, yana buga kantar shagon da tafin hannu. "Aiki, yarinya! Ɗauko min tsinken buɗe kwaɗo da ƙarfen murɗawa, sababbi fil, na cikin jakar fata. Saya zan yi, ba roƙo na zo ba."

"Aiki? Kai? Wane marar rabo ne ya kira ka?"

"Mai aski."

"Allah sarki, dama na ga idonsa ya fara tafiya. Jiya ma wani ya fito daga wurinsa da rabin gemu."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Miƙo min, awa ɗaya na ce a ba ni, lokaci na ƙurewa."

Ta nuna bango da tsinin makulli, ba ta ko juya ba. Can saman jerin makullan da ke rataye akwai wani ɗan allo da fentinsa ya koɗe: BA MA SAYAR DA KAYAN BUƊE KWAƊO SAI GA MAI SANA'A.

"Karanta, in tabaran naka na aiki."

"Ni za ki nuna wa wannan? Ni na rubuta shi! Ga inda fentin ya zubo nan ranar da ubanki ya girgiza min tsani."

"Madalla, ashe ba sai na yi dogon bayani ba. Ina shagonka yake, malam?"

"Ga shi kina tsaye a ciki kamar kin gina!"

"Wannan nawa ne, an ba ni a gaban shaidu. Kai yanzu jama'ar gari ne. Da kai da mai sayar da lemo da wancan mai wucewa da akuya, duk layinku ɗaya."

Tsoho ya riƙe baki. Jama'ar gari! Shi da ake tasowa daga unguwa uku a zo a ɗauke shi a mota!

"Na sake ki," ya ce. "Saki uku. Tattara ki bar min gida."

"Alhamdulillahi, na huta da dafa ruwan zafi. Amma tsinke dai babu."

"To tsaya in tambaye ki, malamar doka. Kina sayar da guduma?"

"Ga su can."

"Zarto fa?"

"Har kala uku."

"To wane ɓarawo kika taɓa gani ya zauna ya koyi tsinke wata shida, alhali ga guduma da za ta gama masa aiki kafin ki ce kwabo? Ɓarawo malalaci ne. Da yana da haƙurin koyon tsinke, ai da sana'a ya kama. Masu sayen abin nan su ne mai gidan haya da 'yan hayarsa ke zubar da makulli kullum, da uwar da yaronta ya kulle kansa a banɗaki yana tsala ihu. Su kike hanawa!"

"Kai, ango, ashe bencin nan makaranta ne! To ni ma wani tsoho ya taɓa faɗa min wata magana. Ya ce guduma tana da baki, in ta yi magana maƙwabta za su fito. Tsinke kuwa bebe ne. Ya ce gidan da aka fasa da guduma ɓarawo ake zagi, gidan da aka buɗe da tsinke 'yan gida ake zargi. A kori mai aiki, a daki yaro, a yi shekara ba a ga maciji da ƙani, duk a kan abin da baƙo ya yi."

Tsoho ya sosa ƙeya. Maganar ta yi kyau ƙwarai, abin haushin shi ne tasa ce.

"Wane ne wannan tsohon? Allah ya ji ƙansa, da ganin maganarsa bai taɓa tsayawa ta wannan gefen na masu saye ba."

"Yana nan da ransa, ya ƙi tafiya. Mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi."

"In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take! Yanzu fa a waya ake sayar da su. Yaro ɗan shekara goma ya latsa, a kawo masa har ƙofar gida. Ke kaɗai kika rage kina gadin rijiyar da kowa ya haƙa tasa."

"To latsa mana. Nan da sati biyu zai iso, lokacin gashin mutanen mai aski ya isa kitso."

"Ke! Ni da na buɗe akwatin ƙarfen da ƙarti shida suka kasa ɗagawa? Na buɗe shi ina cin gyaɗa!"

"Bara ƙarti huɗu ne."

"Biyu sun je fitsari, shi ya sa ban ƙirga su ba."

"Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Jiya wa ya kira ni in buɗe masa murfin kwalbar magani?"

"Gwada ki nake, in ga ko kina da amfani a gidan miji. Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya."

Ya faɗe ta da ƙarfi, amma ya saci kallon agogon bango. Rabin awar ta tafi. Ya hango kansa yana komawa hannu rabbana, 'yan benci suna ƙunshe dariya, mai guduma yana naɗe hannun riga. Daga ranar kuma shi ke nan, ba wanda zai sake cewa ga Baba a zaune. Ya ɓoye hannun damansa a bayan riga don rawar ta ƙaru.

Jikar ta gani. Ta sunkuya ƙarƙashin kantar ta ɗauko wani jan kwaɗo mai nauyi, ta dire shi a gabansa tare da tsinke da ƙarfen murɗawa.

"Gani ya kori ji. In mai sana'a ne kai, bismilla."

Kai, jama'a! Tsoho ya cafke su kamar mayunwaci ya ga tuwo. Sanyin ƙarfen nan a yatsunsa ya kusa sa shi hawaye. Ya zura ƙarfen murɗawa, ya danna kaɗan, ya nufi ramin da tsinke. Sau biyu yana kuskure ramin, a na uku ya shiga. Hannun ya kama rawarsa kar-kar-kar, tsinken yana tsalle a kan 'yan haƙoran ciki. Tsoho ya cije leɓe yana shirin jin kunya, sai ji ya yi ƙaras! Kwaɗo ya wangale baki.

Shi kansa sai da ya tsorata. Sannan ya ɗaga kwaɗon sama ya kwarma ihu har mai wucewa ya leƙo.

"Kin gani? Kin gani, 'yar baƙin ciki? Ko ƙirga goma ba a yi ba!"

"Ai ba kai ka buɗe ba, rawar hannun ce ta girgiza haƙoran suka hau layi!" Dariya take har tana dafa kantar, idonta ya kawo ruwa.

"To hannun na maƙwabci ne? Shekara goma na yi ina koyon girgiza tsinke haka, yanzu Allah ya ba ni kyauta, dare da rana! Naɗe min kayana."

"Ka faɗi."

"Na me?"

"Ka faɗi jarrabawa warwas. Kwaɗon wa ka buɗe?"

Tsoho ya dubi jan kwaɗon da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa.

"Na wata baiwar Allah ne," ta ce. "Makulli ta ce a yanka masa, ba ta ce a buɗe ba. Ina 'yar shekara goma sha biyu ka miƙo min kwaɗo a nan wurin, na buɗe ina tsalle, ka kore ni gida kwana uku. Ka ce mai sana'a kafin ya taɓa sai ya tambaya na wane ne, ɓarawo ne kaɗai ba ya tambaya. Na yi kuka har na ƙi cin abinci."

"Kin ci a ɓoye, kakarki ta faɗa min."

"Ka tambaya ko ba ka tambaya ba?"

"Ɗoki ne ya ɗebe ni," ya ce a hankali. Ya ajiye tsinken a kan kanta, ya tura mata. Wanzami dai ba ya son jarfa, amma dokar gaskiya ce, kuma ya sani.

Ta mayar da tsinken cikin jakar fata, ta zuge, ta riƙe ta a hannu.

"Sayarwa kam ba zan sayar ba, ko za ka sake ni sau ɗari. Amma kayan shago suna fita da yaron shago. Ina neman yaro. Sharaɗi biyu ne: ya tambaya kafin ya taɓa, kuma ya ce min ranki ya daɗe."

"Ni? Ni zan zama yaronki? Ni da na yi miki wankan jego... wato na sayi sabulun?"

"Saura minti ashirin."

"Ranki ya daɗe," ya ce da sauri, kamar mai haɗiye maɗaci.

"Ban ji ba, injin nan ya kashe min kunne."

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina, Allah ya ƙara miki faɗin hanci!"

Ta miƙa masa jakar. Ya rungume ta a ƙirji ya nufi ƙofa, har ya sa ƙafa ɗaya waje, sai ya tsaya. Bai juyo ba, muryarsa ta yi ƙasa.

"In ya ƙi buɗuwa fa? A gaban mutane?"

"Sai ka ce kayan ne na banza. Ka ce mai shagon yarinya ce, ba ta san abin kirki ba, ka zage ni son ranka. Ni kuma in an tambaye ni zan ce haka ne."

Tsoho ya fashe da dariya, yana goge ido da bayan hannun nan mai rawa.

"Kin ci ni, ja'ira. Na mayar da ke ɗakinki. Kuma ki sani, ko ya buɗu sai na zage ki."