Yadda Za Ka Zaɓa wa Tsohon Babur Shakazobar Baya Ba Tare da Ka Hau Sikeli Ba

Ɗan'uwa, matso kusa. Idan kana da tsohon babur irin wanda samari ke tsayar da kai su ɗauki hoto da shi, kuma bayansa ya fara dukan ƙugunka a kowane rami, to ka zo inda ya dace. Ni ne gwanin da kake nema. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, za ka samu irin sakamakon da na samu, babu ragi. Ban ce zai yi maka daɗi ba. Na ce za ka same shi.

Ga wanda bai sani ba, shakazoba ita ce ƙarfen nan mai sifirin da ke tsaye dama da hagu a bayan babur, tsakanin kujera da taya. Aikinta ta shanye dukan hanya kafin ya iso jikin mutum. Na babur ɗina, wanda muke kira Dattijo a gida, sun daɗe da daina shanyewa. Miƙo mana kawai suke yi.

Mataki na 1: Ka musanta

Za ka ga baƙin mai yana tsiyaya a jikin ƙarfen. Goge shi da tsumma, ka ce raɓa ce. Za ka danna kujera ka saki, ta ci gaba da rawa har ka shiga ɗaki ka fito. Ka ce halinsa ne, injinan zamanin da haka aka ƙera su, yaran yanzu ba za su gane ba.

Ci gaba da haka har ranar da za ka faɗa rami da maiɗakinka a baya. Tawa ba ta yi faɗa ba. Sauka ta yi, ta dafe ƙugu, ta tsayar da tasi, ta bar ni a bakin titi ina yi wa ramin bayani. Tun daga ranar ba ta sake hawa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi min ciwo. A kan Dattijo na yi zaryar neman aurenta, a kansa na kai ta awon cikin fari. Duk hirar kirki da muka taɓa yi, a kansa muka yi ta, tana magana a saitin kunnena, iska na kwashe rabi. Yanzu sai in yi ta ba da labari a hanya, in waiwaya, in ga kujera.

Da na ishe ta da magiya, sai ta kafa min sharaɗi. Ta ce, "Baban yara, ka gyara bayan abin nan, zan hau sau ɗaya in gwada. In na ji ko ƙus a ƙuguna, a sayar da shi, a sa min injin wanki a inda yake kwana."

Ka amsa da ƙarfi, ka buga ƙirji. Cika baki ba ya buƙatar sifana.

Mataki na 2: Ka auna, amma da dabara

Ana auna shakazoba daga ramin noti na sama zuwa na ƙasa. Masu tsoro suna amfani da tef ɗin awo. Kai gwani ne. Yanko robar tsohon tub ɗin taya, ka miƙa ta, ka ɗaure ƙulli a inda ya dace.

Amfanin roba shi ne ba ta musu. Duk wadda aka nuna maka a kasuwa, doguwa ko gajeriya, in ka ja za ta yi daidai. Na dawo gida da farin cikin cewa kowace shakazoba a duniya ta Dattijo ce. Bakanikena ya dube ni, ya dubi robar, ya kwance tsohuwar da hannunsa ya ɗora min a cinya, ya ce in tafi da ita, kada in dawo masa da labari.

Mataki na 3: Ka tambayi masana

Shiga zauren masu tsofaffin babura a wayarka, ka jefa tambaya. Na farko zai ce sai ta asali, wadda aka daina ƙerawa kafin a haife shi. Na biyu zai ce mai gas. Na uku zai ce na biyu bai taɓa riƙe sifana ba. Daga nan za su bar ka su koma kan juna, har a cire mutum ɗaya daga zauren.

Yi musu godiya. Ka ƙaru da abu guda: yanzu kai ma ka iya cewa "mai gas" da murya irin ta wanda ya san abin da yake nufi.

Mataki na 4: Ka bar ido ya yi maka zaɓi

Shagon kayan gyara matsattse ne, mutum ɗaya ke iya tsayawa, shi ma a karkace. Bututun salansa na lilo a saman kanka, fanka na kaɗa ƙura daga wannan kanta zuwa waccan. Mai shagon yana zaune a kan kwali yana kallon ƙwallo a waya.

Zai ajiye maka kala biyu masu tsawon taka. Ɗaya baƙa ce, mai kaurin sifirin, mummuna kamar ƙafar tsohon gado. Ɗayar siririya ce, tana ƙyalli har kana ganin haƙoranka a jiki. Kada ka ɓata lokaci. Ka riga ka hango kanka a bakin danja, mutane suna nuna bayan babur ɗin.

Mataki na 5: Tambayar da ke raba maza da yara

A nan ne mai shago zai juya kwalin shakazobar, ya ga jadawalin da aka buga a baya, ya tambaye ka ba tare da ya ɗago daga wayarsa ba: "Yallaɓai, nauyinka nawa? Kuma kana ɗaukar mutum?"

Natsu. Kowane sifirin da nauyin da aka yi shi ya ɗauka, kuma wannan ita ce tambaya ɗaya tak mai amfani a duk cinikin. Saboda haka ka yi ƙarya.

Tsuke ciki, ka faɗi nauyin da ka gani a sikeli karo na ƙarshe da ka hau. Ni nawa karon, lokacin gwajin ɗaukar aiki ne, ina da gashi har goshi. Ba ƙarya ba ce tsantsa. Na taɓa yin wannan nauyin, akwai shaidu.

Sai na maiɗaki. Mai hankali ba ya kiran matarsa a waya daga cikin kasuwa ya ce, "Wai kilo nawa kike yanzu?" Wanda ya gwada, ba a kan babur zai koma gida ba. Rufe ido, ka tuno ta ranar da ta fara hawa bayanka tana tsoron taɓa rigarka, ka faɗi abin da ya zo bakinka.

Mai shago ya haɗa lissafi, ya ce, "Ai ku 'yan shila ne. Siririyar ta ishe ku." Ya saci kallon tumbina, ya koma kan ƙwallonsa. Shi ba likita ba ne.

Mataki na 6: Ka gwada kai kaɗai

Bakanike ya ɗaura, ya murɗa zoben da ke ƙasan sifirin zuwa matakin da ya fi tauri, ya ce in hau. Na hau. Bayan Dattijo ya yi ƙasa kamar mai gaida surukai.

"Maigida, anya kuwa?" in ji shi.

"Sabuwa ce, ba ta saba da ni ba," na ce.

Riƙe wannan amsar, tana aiki a kan takalmi ma. Zaga unguwa ka dawo. Sifirin da aka yi don mutum biyu marasa nauyi zai ɗauke ka kai kaɗai ba tare da ƙorafi mai yawa ba. Kada ka tsaya tunanin abin da hakan ke nufi.

Mataki na 7: Ranar gwaji

Wanke babur. Sa turare. Zaɓi titin da ya fi kowanne santsi.

Maiɗakina ta fito da hular kwano a hannu, ta zaga Dattijo, ta yaba ƙyallin. Ta hau. Na ji wani abu ya ce "ƙiii" a ƙasa, na ƙara wuta don ƙarar inji ta rufe shi. Mun ɗan yi nisa har ta fara ba ni labarin ƙanwarta a saitin kunne, zuciyata ta yi fari ƙal. Sai ga warin roba. Taya ce ke gugar murfinta, don babu sauran fili tsakaninsu.

"Me ke ƙonewa?"

"Wani ne ke ƙona shara."

"Sharar tana bin mu ne?"

Kafin in samo amsa, sai ga tudun rage gudu a gaban makarantar yara. Na taka birki, na hau shi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Sifirin ya haɗe, ƙarfe ya daki ƙarfe, dukan ya bi ta kujera ya fito mana ta haƙora. Labarin ƙanwarta ya tsaya a tsakiyar kalma.

Ta ce, "Tsaya."

Mataki na 8: Ka ɗora wa mai shago

Wannan shi ne matakin da na fi alfahari da shi. Na yi ta sababi, na ce jabu aka sayar min, na ce wallahi sai na koma. Ta ce, "Mu je tare." Ɗan'uwa, kada ka taɓa rantsuwa a kan abin da za a iya raka ka.

Na tura babur, tana biye. A shago na ɗaga murya, mai shago ya ɗaga kwali. Ya ce kayansa lafiya lau, an ba shi nauyi ne ya ba da sifirin. Ta tambaye shi nauyin da aka ba shi. Ya faɗi nata.

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da na daɗe ban gani ba. Ta ce a hankali, "Har yanzu haka kake ganina?"

Na ce, "Ƙwarai." Kuma a wannan karon ba ƙarya na yi ba. Na ji Dattijo ya tsira.

Sai ta ce da mai shago, "Shi kuma nawa ya ce?"

Ya faɗa. Wani mai sayen fulogi da ke jira a bakin ƙofa ya fita waje don ya yi dariyarsa a sarari.

Mataki na 9: Kada ka bi ta gaban mai sayen tsofaffin ƙarafa

Shagonsa na jikin na mai kayan gyara, da ƙaton sikeli a bakin ƙofa, wanda ake ɗora matattun injina a kai. Ta gaishe shi, ta nemi izini, ta miƙa min jakarta, ta hau da kanta a gaban kowa. Abin da ta ƙara a duk shekarun nan, da haihuwa da komai, bai kai nauyin jakar da ke hannuna ba.

"Bismillah, Baban yara."

Na mayar mata da jakarta, na cire takalmi. Na cire hular kwano, na ajiye makullai da waya. Na hau. Allurar ta tashi da gudu, ta wuce lambar da na faɗa ko sallama babu. Mai ƙarafa ya leƙo, ya duba bayana, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai kaɗai ne a kai?"

Mai shago ya leƙo shi ma, don ya sanar da mu cewa ba a mayar da kayan da aka riga aka ɗaura.

Na tsaya a kan sikelin ba takalmi, ina jiran hukunci, ina hango injin wanki a makwancin Dattijo. Ta miƙo hannu ta ɗauki makullin daga ƙasa, ta jefa a jakarta.

Ta ce, "Ba za a sayar ba. Shakazobar nan ta mutum biyu ce, waɗanda ka faɗa wa bawan Allahn nan. Ni ga ni. Ranar da ɗayan ya dawo, sai mu hau."

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk wani ciwon ƙugu, ƙonewar taya, ƙwace makulli ko rage girman kwanon abinci da ka iya biyo bayan bin shawararsa. Wanda ya auna da roba, shi ya sani. Wanda ya hau sikeli a gaban jama'a, da ƙafarsa ya hau. Mai ƙorafi kada ya zo gida. Ya tare ni da sassafe a gefen titi, zai gan ni a ƙasa cikin sabon takalmin gudu, ina haki, tana bayana tana ba ni ƙarashen labarin ƙanwarta, tana cewa in ɗaga ƙafa.