Injin da Ya Kama Ɓarawon Takalmina

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na shimfiɗa tabarmi, na sa aka dafa shayi, na gayyato dattawan unguwa su zo su kalli abin kunya ba. Sun zo, sun kalla, abin kunyar kuma nawa ne. Na faɗa tun yanzu don kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen neman wawan labarin. Ga ni nan, da gemuna da komai.

Ni tsohon planto ne, wato masinjan ofis. Shekaru na yi ina kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan a nan Dogon Dutsi, har ilimi ya shiga jikina (ta hammata dai, inda nake maƙale takardun). Lakkwal kuwa, makarantar boko, na yi ta har aji huɗu, kafin ni da mushe, wato malaminmu, mu fahimci juna mu rabu lafiya. Wannan ɗan abin ya ishe ni karanta rubutun jikin kwali da babbar murya. Shi ya sa a majalisarmu ta gindin bishiyar bedi duk abin da ya zo da Faransanci ni ake miƙa wa, ni kuma ban taɓa cewa ban sani ba.

Bara bayan girbi aka ɗaura auren ɗan ƙanena Laminu a Tibiri, ni ne wakilin ango. Na tafi da sabon takalmi sau-ciki, jar fata, aikin Sakkwato, irin wanda yake kuka in ana tafiya don mutane su waiwayo. Dattawan ɓangaren ango duk shiga ɗaya muka yi, shuɗiyar shadda da farin rawani. Cikinmu har da Bello, makiyayi, abokina tun muna samari. Ni Ba'are ne, ɗan ƙasar Arewa, shi Bahillace, kun san abin da ke tsakani. Tun kakanni muke zagin juna, ba mai fushi.

Aka shafa fatiha, aka raba goro, jama'a ta tashi. Na je bakin tabarma, babu takalmi. Na ɗaga tabarma, na leƙa ƙarƙashin benci, babu. Da silifas ɗin alwala na masallaci na dawo Dutsi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma.

Bayan kwana uku wani guntun bidiyon bikin ya iso ta waya, wanda aka tura wa wani, wani ya tura wa wani, har ya gaji. Hoton dishi-dishi, kamar kana kallon mutane ta cikin kwanon kunu. Amma can gefe ana ganin wani mai shuɗiyar riga ya sunkuya, ya zura wani abu ja a ƙafa, ya waiga hagu, ya waiga dama, ya sulale. Nan bidiyon ya yanke.

Na kai waya majalisa na ba da hukunci. Na ce su dubi ƙafafun nan gwame, su dubi wuyan nan kamar na zalɓe, su dubi tafiyar nan ta wanda ya saba bin gindin shanu. Na ce duk Arewa ba mai wannan mummunar tafiya sai Bello. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Daga ranar na raɗa masa suna Sarkin Takalma.

Wata biyar ina jan abin nan. Inda na yi kuskure, na fita da shi daga majalisa na kai shi kasuwa. Mata masu sayen nono suka fara tambayar matarsa ko gaskiya ne. Wata ma ta ce ta ɓoye takalminta kafin a auna mata. Rannan Bello ya zo, bai zauna ba, bai karɓi shayi ba.

Ya ce, "Ba'are, wasa wasa na, amma sunana ya hwara wari. Ka kawo shaida gaban dattawa. In ni na, in ba ka maraƙi. In ba ni ba na, kai za ka ɗaukar ma matata ƙwaryar nono bisa kai ran kasuwa, tun daga tasha, kana talla."

Na ce na yarda, a shaida. A raina har na fara tunanin inda zan ɗaure maraƙin.

Shaidar kuwa tana cikin ɗakina. Abokin ango da ya ɗauki bikin, wani mai kamara daga Yamai, ya aiko min da cikakken faifan bikin cikin shuɗin gidansa na roba. Tun zuwansa tsohon injin DVD ɗina ya ƙi shi. In na saka sai ya yi gurnani ya tofo shi. Maƙwabcina Mushe Amadu, malamin koleji, ya duba ya ce ai wannan faifan bulu-re ne, sai injinsa na musamman, mai fitar da hoto tas har ka ƙirga gashin gira. Na ce to, gashin girar Bello nake so.

Na sayar da wake buhu biyu (mai ɗakina Hajo ta kalli buhunan suna fita, ta kalle ni). Na nufi butik ɗin Isuhu, wani matashi mai sayar da kayan kuran, wato lantarki, kusa da kasuwa.

Ya kamata in bayyana wa na baya ƙa'idojina na zaɓen inji, don su guje su. Na farko nauyi. A zamaninmu rediyon kirki sai ka sa hannu biyu. Na biyu yawan maɓallai. Na uku fitilu. Da waɗannan na bi kantar Isuhu ina ɗaga injuna ɗaya bayan ɗaya kamar mai tayin kankana, ina ƙwanƙwasa su, ina kara kunne. Na tsaya kan wani ƙato mai ruwan azurfa, da fitilu kore da ja suna tsere, har da makirho biyu na waƙa. Na karanta kwalinsa da ƙarfi don sauran masu sayayya su san da wa suke tsaye. Na ce a naɗe min.

Isuhu ya tambaye ni wane irin faifai zan kalla. Na ce wannan sirrin gida ne. Ya tambaye ni wace irin tele gare ni. Na ce tele ce da ta girme shi. Sai da ya haɗa ni da Allah na fito da shuɗin gidan daga aljihu.

Ya ce, "Baba, wanga da ka zaɓa DVD na, sampul. Ƙanen wanda ag gidanka na, riga dai ya canza. Nauyin da kaka ji, lasifika ta."

Ya shiga ciki ya ɗauko wani baƙin abu siriri, fayau kamar allon karatu, maɓalli uku kacal, ba fitila sai wata 'yar ɗigo. Na ɗaga shi da yatsa biyu. Na ce ya ji tsoron Allah, an sace kayan cikin. Ya yi haƙuri da ni, ya nuna min tambarin da ke jikin faifaina, ya nuna min irinsa a goshin injin, ya ce wannan shi ne abin dubawa na farko, sauran duk ado ne. Ya juya bayansa ya nuna min wata 'yar kafa, ya ce nan ake soka waya guda ɗaya, ash-de-em-i, ita ke kai hoto da murya tare. In tele ba ta da irin kafar, kamar tawa mai doro, to na sayi doki ne ba ni da linzami. Ya ce yana cin tsofaffin faifaina ma, kuma in haɗa shi da regilater saboda kuran ɗinmu mai zuwa da fushi.

Na yi gyaran murya na ce dama gwada shi nake, in ga ko ya san aikinsa.

Ya ce bari mu saka faifan mu tabbata. Ya saka. Allon butik ya kawo sunan ango da amarya cikin furanni, tas kamar a taɓa. Na yi wuf na ce ya tsayar. Shaida ba a buɗe ta a kasuwa, sai gaban alƙalai. Isuhu ya ce normalman dai gara mutum ya kalli abu shi kaɗai tukun. Na ce masa na yi aiki da manya, na san yadda ake gabatar da dosiye, wato takardun ƙara.

A gida Hajo ta faɗi irin wannan maganar. Ta ce in kunna mu gani mu biyu mana. Na ce mata sha'anin shari'a ne.

Ranar Asabar bayan la'asar Mushe Amadu ya kawo aron telensa shafaffa, muka girka ta a zaure, ya soka wayar. Dattawa bakwai suka zauna, har da liman. Bello ya zo da sandarsa ya zauna gaba. Hajo da maƙwabta mata suka tsaya bakin ƙofar cikin gida. Ni na riƙe telekomand, wato rimot, na tsaya gefen allo da tsinken shayi a hannu kamar mushe gaban allon aji, na yi ɗan jawabi kan amana da yadda ta yi ƙaranci a wannan zamani, musamman a wajen masu shanu.

Jama'a, injin nan ya iya aiki. Ana ganin zaren shadda. Ana ganin ƙudan da ya sauka kan goro. Liman ya ga kansa ya gyara zama. Muka zo daidai wurin, na ce kowa ya buɗe ido. Ga takalmina ja a bakin tabarma, suna sheƙi. Ga mai shuɗiyar riga ya ba mu baya, ya sunkuya. Na buga allo da tsinke na ce, "Ku dubi ƙafafun! Allah ya isa tsakanina da ƙafafun nan."

Mutumin ya waiga hagu. Ya waiga dama. Fuskarsa ta cika allo.

Gemuna ne. Tabon goshina ne. Haƙorina na gaba da ya fita tun zamanin ina planto, shi ma ga gurbinsa nan ba ya nan. Can bayana kuma, a kan tabarma, ga Bello zaune yana jan casbi kamar waliyyi.

Na danna telekomand don in kashe, sai na ƙara murya. Da ma nan abin ya tsaya, da sauƙi. Amma mai kamarar nan ɗan Yamai, Allah ya shirye shi, ashe ya ga dattijo yana sanɗa sai ya bi shi. Ga ni na zagaya bayan gida wajen masu girki. Ga ni na tuɓe takalmi gefen murhu na hau 'yar tabarmarsu na tsuguna. Ga wata baiwar Allah ta miƙo min kwano. Kitse ne, jama'a, da kayan ciki, abin da lokotoron asibiti ya hana ni saboda tansiyo, wato hawan jini, abin da na rantse wa Hajo rabona da shi tun azumin bara. Ana ganin man yana bin gemuna har ya ɗiga a shadda. Sai aka ji murya daga nesa ana cewa ina wakilin ango, liman na jira. Ga ni na zabura, na goge baki da gefen rawani, na ruga ba takalmi. Kamara ta ɗan tsaya kan takalman, su biyu, gefen murhu, kamar marayu.

Wallahi cin naman ban manta da shi ba, ɓoye shi na yi. Amma da za a ba ni Alƙur'ani kafin ranar, da na dafa cewa ba takalmi na je wajen masu girkin.

Liman ne ya fara. Ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Daga nan zaure ya fashe. Mushe Amadu har da fita waje ya dafa bango. Bello kaɗai bai yi dariya ba. Ya kurɓi shayinsa a hankali, ya aje kofi, ya ce, "To Ba'are, ka sai da wake ka kama ɓarawo. Mu kai shi jandarma, ko kana kai shi da kanka?"

Ran kasuwa na cika alkawari. Ƙwaryar nono ta fi yadda ake zato nauyi, kuma ba ta son mai gwamen ƙafa. Matar Bello na gaba, ni ina biye, shi yana bayana da sanda yana gyara min talla, wai muryata ba ta kai ba. Matan da suka ɓoye takalmansu duk sun zo sun sayi nono a kaina, na kuma faɗa wa kowace da bakina cewa Bello ba ɓarawo ba ne. Nono bai taɓa ƙarewa da wuri irin na ranar ba, har matar ta tambaya ko ina da lokaci mako mai zuwa. Takalman kuwa da aka buga waya Tibiri aka same su. Mai girkin ta ɗora su bisa rumfa tana cigiya, rana ta gasa su sun lanƙwashe kamar kilishi.

Abin da na koya, in za ka sayi injin faifai, ka bar nauyi da fitilu, ka dubi tambari da kafar waya, ka saurari yaron butik ko da ka haifi ubansa. In kuma injin mai nuna komai ne, ka rufe ƙofa ka kalla kai kaɗai kafin ka dafa wa mutane shayi.

Da ƙura ta lafa na naɗe injin cikin kwalinsa. Na ce wa Hajo zan mayar wa Isuhu, don inji mai shiga sirrin dattawa bai dace da gidan mutunci ba. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Aje shi inda ka ɗauke shi, Malam. Shekara arba'in ina neman mai shaida cikin gidan ga, sai bana Allah ya ba ni."