Rakiyar Hajiya 'Yardada Zuwa Ƙofar Ruwa

"Lafiya lau, sai dai kewar miji. Ko ka sake ni ne labari bai iso mini ba?"

"Ina wuni kawai na ce, Hajiya. Daga gaisuwa sai shigar da ƙara?"

Hajiya 'Yardada ce tsaye a ƙofar ɗakin jikanta Zaharaddeen, a soron gidansu da ke Madabo. Ta yafa mayafin unguwa, ta dogara sanda. Shi kuwa yana kwance a katifa, waya a ƙirji. Tun kafin azumi ciwon kumburin hanji ya kayar da shi: murɗar ciki, gudawa har da jini, ga rama. An kwantar da shi asibiti, magani ya karɓe shi, ciwon ya lafa. Likita ta ce ya ci gaba da shan magani, ya kuma riƙa ɗan tattaki kullum, zai rage masa kasala, barci ya daidaita, zuciya ta sake. Amma tun ranar da cikin ya ba shi kunya a cikin adaidaita sahu, a gaban mutane, bai ƙara wuce masallacin ƙofar gida ba. Shagonsa na gyaran waya ma a rufe yake.

"Tashi ka raka ni kasuwar Ƙofar Ruwa," in ji ta.

"Me za ki yi a Ƙofar Ruwa? Rodi za ki saya a ɗaura miki a baya ya miƙe?"

"Sakata zan saya. Ta ɗakina ta lalace, ga zawarawa sun fara yawa tunda aka ji mijina ya auri katifa."

"Waɗanne zawarawa? Waɗanda sai an kama hannunsu suke tashi daga tabarma?"

"Su dai suna tashi."

Zaharaddeen ya juya wayar a hannunsa.

"Ki ba da saƙo a sayo miki."

"Ɗan saƙo bai san ƙofata ba."

"To ki hau adaidaita."

"Wane adaidaita zai shigo lungun nan? Kuma ni ma an ce in riƙa taka ƙasa saboda gwiwa. Ka ga mun zama biyu, gurguwa da rago."

"Hajiya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "kin san halin da ake ciki. Abin nan ba ya sallama in zai zo."

"Na sani. Ni ma tsufa bai yi mini sallama ba, na waiga kawai na gan shi zaune a ɗakina. In ka gaji mu juyo. Amma in na fita ni kaɗai na faɗa kwata, kai za a tambaya, don kai ne maigidan."

Ya daɗe yana kallon takalmansa a bakin ƙofa, ƙura ta lulluɓe su. Sannan ya tashi ya zura riga.

La'asar ta yi sanyi. Suka bi lungu, ita a gaba da sanda, shi a baya yana dafe bango jefi-jefi.

"Wannan rigar taka ce ko aro ka yi?" ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Mutum uku za su shiga su yi hira a ciki."

"Ramar aure ce. Duk wanda ya zauna da ke sai ya ƙare."

"Kakanka da ya zauna da ni sai da aka faɗaɗa masa ƙofa."

"Shi ya sa ya riga ki tafiya, Allah ya jiƙansa. Hutu ya nema."

"Amin. Ya bar mini kai, gadon da ba mai rigima a kansa."

A bakin wani gida wata mata mai suyar awara ta ɗago kai ta gaishe su, sannan ta rage murya.

"Hajiya, a buɗe yake fa, an wanke. Ko da kin matsu."

"Allah ya yi miki albarka, Hafsat. Sai dai in na dawo."

Da suka wuce, Zaharaddeen ya ce, "Mene ne a buɗe?"

"Bakinka. Rufe shi ka ɗaga ƙafa, kunkuru ma ya wuce mu ɗazu ya yi mana sannu."

"Ai da na ɗauka ƙanenki ne, na ga kuna kama ta wuya."

Ta ɗaga sandar kamar za ta make shi, ya kauce, ya ji kansa yana dariya. Ya manta rabon da ya ji wannan sautin daga bakinsa.

Lungun ya buɗe zuwa wani ɗan fili inda yara ke buga ƙwallo. Ƙwallon ta gangaro wajensu. Kafin ya yi tunani, ƙafarsa ta tare ta, ya ɗan ɗaga ta sama, ya mayar musu. Yaran suka yi ta tafi.

"Ashe ƙafar tana nan," in ji Hajiya. "Na zaci an cire ta a asibiti an bar maka ta ado."

"Da kin gan ni a fili da, da kin ƙara sona."

"Na gan ka. Kullum sai ka dawo mini da gwiwa a fashe kana kuka, in shafa maka man kaɗanya."

"Wannan sharri ne. Ban taɓa kuka ba."

"Har maƙwabta suna leƙowa su ga ko akuya aka yanka."

Sun ɗan ƙara gaba, sai ya tsaya cak. Cikin ya murɗa, irin murɗar da ya sani. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya waiga baya, gida ya yi nisa. Ya duba gaba, mutane ne zaune a kan benci a bakin shagon tela.

"Hajiya," ya ce, ya dafe ciki.

Kallo ɗaya ta yi masa. Sai ta dafe mararta, ta ɗaga murya yadda na kan benci za su ji.

"Wash, ni kam na matsu. Kama ni, ɗan nan, ga gidan Kande."

Ƙofa ta biyu ce. Kande ƙawar Hajiya ce tun suna 'yan mata, mijinta ya rasu, ita kaɗai ce a gidan sai jikoki. Suka same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a faranti.

"Yau ma ta motsa, 'Yardada?"

"Ta motsa, amma ina shigowa ta lafa. Kai kuma kada ka tsaya mini a kai kamar bashi, shiga ka kewaya ka ɗauro alwala tunda an zo."

"Shiga, ɗan nan," in ji Kande. "Ni na goya ka, ba wanda zai yi maka kallon baƙo a nan."

Bayin yana nan kusa da ƙofa, a share, buta cike da ruwa, ga sabulu sabo a kan bulo. Ya daɗe a ciki. Ba wanda ya ƙwanƙwasa, ba wanda ya kira sunansa. Yana jiyo tsofaffin biyu suna musu a kan wace ce ta fi wata iya tuwon dawa.

Da ya fito, jikinsa ya yi sanyi amma cikin ya saki. Kande ta tura masa kujera 'yar tsugunne, ta miƙa masa ruwa a kofi.

"Ka riƙa tausaya wa matar nan taka," ta ce. "Tun makon jiya take bin gidajen mutane ɗaya bayan ɗaya, da sandarta, tana cewa tsufa ya kwance mata mara, fitsari ba ya riƙuwa. Wai za ta riƙa wucewa ta nan da yamma, a taimaka a bar mata bayi a buɗe. 'Yardada fa, wadda ko atishawa ba ta yarda a ji ta yi a gidan biki."

Zaharaddeen ya juya ya kalli kakarsa. Ita kuwa ta duƙufa tana kankare goro da farce, kamar ba da ita ake ba.

"Kande, bakinki ya fi ƙofar gari faɗi," ta ce. "Tashi mu tafi, kai."

Sai da suka fito, suka wuce shagon tela, suka shiga wani lungu da ba kowa, sannan ya yi magana.

"Hajiya, yaushe mararki ta kwance?"

"Tun ranar da aka ɗaura mana aure da kai."

"Ke da kike zaman makoki tun safe har azahar ba ki motsa ba."

"Baƙin cikin miji babu abin da ba ya kwancewa."

"Gida nawa kika shiga?"

"Ni ban yi boko ba balle in ƙirga. Daga nan dai har Ƙofar Ruwa ba za ka yi nisa ba ka ga ƙofar da za mu faɗa. Inda ba a shiga kuma, na tambaya, akwai na soro."

Ya tsaya. Ya jingina da bangon ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya goge ido da hannun riga.

"Yanzu duk unguwa an ɗauka ke ce..."

"An ɗauka 'Yardada ta tsufa. Da can ma ba a ɓoye yake ba. Ni me zan yi da kunya yanzu, miji zan nema? Ga ka, duk lalacewarka. Kai ne ke da sauran tafiya a gaba. Ga shago, ga yarinyar nan ta Kabara, Ikram, da take ta aiko da gaisuwa kana yi kamar ka mutu."

"Ban san me zan ce mata ba."

"Ka ce mata kana da ciwo, kana shan magani, kana tafiya da ƙafarka. In ta gudu, ni ina nan. Ba inda za ni da wannan gwiwar."

Ya yi murmushi, idon har yanzu jajir.

"Wato ko ta halin ƙaƙa sai na ƙare da ke."

"Haka Allah ya rubuta maka. Ka yi haƙuri."

"To mu ƙarasa mu sayo sakatar."

"Wace sakata? Tawa lafiyarta ƙalau, kakanka da kansa ya kafa ta. Mu juya, ƙafata ta fara zagina."

Sai a lokacin ya lura da yadda take jan ƙafar hagu. Wannan hanyar ta bi ita kaɗai, gida-gida. Ya karɓi sandar ya riƙe, ya ba ta kafaɗarsa. Ta dafa, suka juyo a hankali.

"Kafaɗar nan duk ƙashi ce," ta ce. "Gara sandar."

"Ki yi maneji. Nan da sallah za ta yi nama."

"Da wane abincin? Kai da ko yaji aka ambata sai ka riƙe ciki."

"Da tattaki. Gobe in an yi la'asar ki shirya, ni zan zo in ɗauke ki. Amma da sharaɗi."

"Miji mai sharaɗi. Faɗi in ji."

"In abin ya taso, ni zan ce na matsu, da bakina. Ki koma wajen su Hafsat ki ce an ɗaure miki mararki, kin warke."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Za ka iya?"

"Zan gwada. Ba zan zauna ana nuna ni a unguwa ana cewa ga mijin mai jiƙa zani ba. Ina da mutunci. Gobe in na je zance Kabara a ce, ai kakarsa ce ake shimfiɗa wa leda a gidan biki."

Dariya ta ƙwace wa Hajiya 'Yardada. Ta saki kafaɗarsa ta dafe bango, mayafin ya zame, ƙwalla ta cika mata ido.

"Ka ci ni yau, ɗan banza, na sallama," ta ce da ƙyar. "Yi shiru haka nan, kada ƙaryata ta zama gaskiya a tsakiyar lungu."