A Sako Faifan Inna Kulu da Aka Kama Saboda Fam

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Zamanantar da Kasuwannin Ƙauye, Allah ya ƙara maka hangen nesa.

Bayan gaisuwa mai yawa. Ran kasuwar Dalijan da ta wuce, ma'aikacinku Malam Hamidu ya ƙwace faifan daddawar mahaifiyata, Inna Kulu, mai shekara saba'in da tara. Laifinta shi ne ta ce ƙulli ɗaya fam hamsin, alhali sanarwarku ta hana ambaton kuɗin da aka daina bugawa. Ina neman izinin ƙorafi.

1. Ranka ya daɗe, da fam kakana ya biya haraji a Gwandu. Da shi aka yanka wa Inna sadaki, fam uku, ta sayi akuyarta ta farko. Da naira ta zo a 1973 aka ce fam ɗaya naira biyu ne, Inna ta karɓi sabuwar takardar, ta riƙe tsohon lissafinta. Tun daga ranar ba ta cuci kowa ko sisi ba. A gafarce ni, na manta sisi ma kun hana.

2. Mai sayen, Malama Rut daga Kalgo, ta miƙa naira ɗari ba tare da tambaya ba. Mai saye ta gane, mai sayarwa ta gane. Wa ya ruɗe, in ban da kwamiti?

3. Malam Hamidu ya yanka mata tarar naira dubu biyu. Ya faɗa sau uku, ta ce ya yi mata bayani irin na mutane. Sai ya duba hagu da dama, ya sunkuya, ya ce fam dubu. Nan take ta gane, ta ce ta san ubansa, bai taɓa riƙe fam dubu ba. Mutum tara sun ji. Shi me za a ƙwace masa, hula ko babur?

Roƙona ƙarami ne. A maido da faifan kafin kasuwa mai zuwa, domin Hajara mai kuɓewa ta fara matso da tabarmarta inuwar da Inna ke zama tun ina goye. Inna kuwa tana gida tana koya wa jikoki tsohon lissafin anini da taro, abin da nake tsoron zai ninka muku aiki.

Mun ji an ce faifan ya isa ofishinku lafiya, daddawar ce ba ta isa ba. Ba mu tabbatar ba tukuna.

Naka mai biyayya, mai lissafi da naira tsantsa,
Sahabi Abdulrasheed, Kalgo.