Ranar da Na Mai da Surukata Zaure

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba, ina amarya a Unguwar Sarki, zamanin Turawa ba su tafi ba. Malamar kimiyya ta makarantar 'yan mata ta haihu, aka roƙe ni in riƙe mata aji tunda na yi sakandare. Maigidana ya yarda. Inna, mahaifiyarsa, ta ce mu gwada mako guda, idan ta ga abin da bai yi mata ba, shi ke nan. Ni kuwa Allah ya sani ina son koyarwar nan.

Darasin ƙwayar halitta ne. Na sa ɓawon albasa a madubin ƙara girma, yara suka leƙa, suka ce su dai tabarma suke gani. Sai dabara ta zo mini (da na sani na yi a'uzubillahi). Na ce ƙwayar nan kamar gidanmu take. Bangonta katanga. Ramin ruwan cikinta randa. Ɗigon tsakiya maigida ne, yana zaune abinsa, umarni kawai yake bayarwa. Suka yi dariya, kaina ya kumbura.

Wata yarinya ta ɗaga hannu. "Siririyar fatar da ke tace mai shiga da mai fita fa, Malama?"

Na ce, "Wannan ai Inna ce, zauren gidanmu. Ko kaza ba ta wucewa sai ta faɗi inda za ta."

Na manta sarai Balaraba, ƙanwar maigidana, tana layin gaba.

Da la'asar ina durƙushe ina miƙa wa Inna fura (matar da ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba), ta tambayi Balaraba me suka koya. Ja'irar ta miƙe, ta harɗe hannu a baya, ta zuba darasin tas, har da muryata, har da kazar.

Na roƙi ƙasa ta tsage. Ba ta tsage ba.

Inna ta ajiye ludayi. "Wannan fatar, idan babu ita, me ke faruwa?"

Balaraba ta ce, "Ƙwayar mutuwa take yi, Inna. Komai sai ya watse."

"Shi na tsakiyan ba ya hanawa?"

"Ina! Ai zama kawai yake."

Inna ta ɗauki ludayinta, ta kurɓi fura. Can ta ce, "Ashe bokon nan yakan faɗi gaskiya. Ke 'yar nan, gobe ki fita da wuri. Amma ki gaya musu kaza ba a tambayarta, korarta ake yi."

Na ci gaba da koyarwa har malamar ta gama wankan jego. Tun daga ranar, idan zan ba da misali, gidan wasu nake arowa, kuma sai na fara duba wa ke zaune a layin gaba.