Ranar da Na Ceci Baba Bakur Daga Ruwa Iya Ƙirji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ceci ran wani dattijo a gaban dangina kaf, aka kuma karɓe min aiki saboda hakan. Yanzu ina iya ba da labarin har in yi dariya. A lokacin kuwa na daɗe ba na bin babban layin unguwarmu, sai lungu.

A unguwar Misfala da ke Makka aka haife ni, a bayan shagon tsiren mahaifina, wurin da ba kogi ba tafki, ruwan da muka sani shi ne na tanka sai zamzam. Wani malamin motsa jiki ne a makarantarmu ya ƙare wa tsawon hannuwana kallo, ya kai ni wurin ninƙaya na wani kulob ya ce a gwada ni. Kafin in ankara na fara cin gasa a Jidda da Riyad, har da ƙasashen maƙwabta. Duk lambar da na kawo sai Baba ya rataye ta a shago saman murhu, har hayaƙi ya mayar da zinariya da azurfa launi ɗaya. Balarabe ya zo sayen tsire, sai ya sha tarihina kafin a naɗe masa namansa.

Daga baya kafaɗata ta dama ta ce ta gaji. Aka yi aiki, aka yi gashin ƙashi, likita ya ce in yi iyo don nishaɗi amma gasa ta ƙare. Abin da ba wanda ya gaya min shi ne yadda yini yake da tsawo a tudu. A cikin ruwa na san ko ni wane ne. A waje kuwa ni ƙato ne mai faɗin ƙirji da ke zaune a ƙofar shago yana kallon alhazai suna wucewa Harami a ƙafa. Baba bai taɓa ce min komai ba. Wata rana dai na zo na tarar ya sayo sabuwar wuƙa ya ajiye kusa da tasa. Sana'ar ba abin raini ba ce, da ita aka raine ni, amma da na ga wuƙar nan sai na gane an fara yi min kallon wanda nasa ya ƙare.

A wannan halin ne aka kira ni maganar fim. Labarin mahajjatan da ne, irin kakanninmu, waɗanda suka taho a ƙafa har Sudan suka ƙetaro teku a jirgin katako. Ana neman saurayi baƙi mai jin Hausa wanda ba ya tsoron ruwa, ya fito a matsayin ɗan wani tsohon alhaji. Jirginsu zai fashe, uban ya nutse a gaban ɗan, shi kuma ɗan bai iya ruwa ba, sai dai ya rungume katako yana kallo. (E, ni aka zaɓa in fito a wanda bai iya ruwa ba. Da ina da hankali da tun nan na tsaya na yi tunani.) Na amsa tun kafin a gama bayani. A raina na ce ga ƙofar da zan bi in sake zama wani.

Sai dai na shiga harkar da raini. Ni da na saba tashi kafin asuba in yi ta kai da komo a ruwa har numfashi ya ƙare, gani nake wasan fim hutu ne, a shafa maka hoda, ka ɓata fuska, a ce ka yi ƙoƙari.

Wanda zai fito a ubana sunansa Baba Bakur, dattijo ɗan unguwar Utaibiyya, nan cikin Makka, da ya tsufa a wasan kwaikwayo. Jikan Hausawa ne shi ma, amma Larabci ya fi zama a bakinsa. Wata rana muna shan shayi bayan gwaji sai ya matso kusa da ni.

"Ya waladi, ɗana, kai ɗan ruwa ne. Gaya min, kaif, yaya mutum yake nutsewa? Na gaskiya nake so, ba na talabijin ba."

Ai kuwa ya taɓo min inda nake so. Na gyara zama na shiga ba shi karatu. Na ce wanda ruwa yake ci da gaske ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, don numfashin ihun ma babu. Kansa zai karkata baya, bakinsa daidai saman ruwa, yana shiga yana fita. Hannuwansa suna danna ruwan ƙasa kamar mai son hawa katanga. Idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Na ce shiru shi ne alamar, duk wanda aka horar a ruwa shirun nan yake tsoro.

Dattijon nan bai katse ni ba ko sau ɗaya. Ya dai sa na nuna masa yadda hannuwan suke yi, ya maimaita, na gyara masa. Ya ce, "Tayyib, da kyau, Allah ya yi albarka." Na tafi gida ina jin na taimaki tsoho.

Aka sa ɗaukar wannan fitowar a gaɓar tekun Shu'aiba, ba nisa sosai daga Makka. Ba wanda ya ce in gayyaci kowa. Ni ne da bakina na bi gida gida. Aka cika bas guda daga Misfala: Umma, Gwaggo Rabi ƙanwar Baba (wadda guɗarta takan tashi yaran maƙwabta daga barci), abokaina, da Kaka mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko da kujerarta. Baba ya rufe shago, abin da ko ranar salla ba ya yi, ya zo da tsire cike da kula don ma'aikata. Aka shimfiɗa musu darduma can gefe, aka roƙe su kada su yi motsi.

Daraktan wani matashi ne ɗan Jidda mai maganar sanyi. Ya tara mu ya yi bayani. Jirgin an ƙera shi yadda in aka ja wata igiya zai dare gida biyu, kuma shi kaɗai ne, in ya fashe ya fashe. Ruwan wurin iya ƙirji ne, ga masu nutso biyu a ɓoye, ba abin da zai sami kowa. Sannan ya dafa ni ya ce da Larabci, "Kai aikinka ɗaya ne. Ka rungume katakonka, ka kalli ubanka yana tafiya, kada ka motsa. Halas, shi ke nan."

Na ce, "Wannan ai ko a barci."

Aka ce a fara. Aka ja igiya, jirgi ya dare, muka zube cikin ruwa. Na cafki katakona na shiga haki da zare ido yadda na ga ana yi, ina ma satar kallon gaɓa in ga ko Umma tana gani. Sai na waiwaya inda Baba Bakur yake.

Kansa ya karkata baya. Bakinsa na shiga ruwa yana fita. Hannuwansa na danna ruwan a hankali, ƙarfinsu na raguwa. Rawaninsa ya kwance yana yawo a gefensa, kuma ko tari bai yi ba. Idanunsa suka bi ta kaina suka wuce kamar ba na wurin.

Na sha tambayar kaina abin da na yi tunani a wannan lokacin, kuma amsar ita ce ban yi tunanin komai ba. Na san ni na koya masa. Na san zurfin ruwan. Duk wannan a kaina yake, amma jikina bai saurari kan ba. Sai kawai na ji katako ya bar hannuna. Mutumin da aka ce bai iya ruwa ba ya miƙe a kan ruwa ya zuba wata ninƙaya wadda ko a gasa rabon da in yi irinta an daɗe, ciwon kafaɗa ma ban ji shi ba. Na zagaya ta bayan dattijo, na tallafi haɓarsa, na kwantar da shi a ƙirjina na nufi gaɓa.

"Sake ni! Ya walad, sake ni! Esh hada? Mene ne haka?"

An koya mana cewa wanda ake ceto yakan yi kokawa, don haka na ƙara matse shi.

"Wallahi a durƙushe nake! Gwiwata a ƙasa take!"

Na ce, "Yi shiru Baba, ka tsira."

Ban tsaya ba sai da na jawo shi kan yashi, na bi ta tsakanin wayoyi da ma'aikata da suka daskare. Na kwantar da shi, na haɗa tafukana a ƙirjinsa zan fara dannawa. A nan ne Gwaggo Rabi, wadda ta ɗauka haka aka rubuta fim ɗin, ta saki guɗa. Abokaina suka ɗau tafi. Na ji muryar mahaifina sama da ta kowa yana cewa, "Ɗana ne! Ɗana ne wannan!"

Baba Bakur ya ture hannuwana ya tashi zaune, ya tofar da yashi, ya dube ni ya ce, "Wata nawa ina haɗa mutuwar nan, ka zo ka hana ni."

Na ɗaga kai. Masu nutso biyun suna tsaye a inda na ɗauko shi, ruwa bai ma rufe musu kafaɗa ba. Bayansu ɓangarorin jirgi suna tafiya da igiyar ruwa, kowanne da inda ya nufa. Daraktan bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya cire abin kunnensa ya ajiye, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Tafin ya yi ta raguwa har ya saura mutum ɗaya, shi ma ya gane ya bari. Tsiren Baba dai an cinye shi tas, amma a cikin shiru.

Da aka sake ƙera jirgi sai aka ba wani yaro ɗan jami'a matsayina, wanda da gaske bai iya ruwa ba, kuma na ji an ce ya rungume katakon nan kamar ransa. Ni kuma aka aiko min da saƙo cikin ladabi cewa in ina so in zo in tsaya bayan kyamara a matsayin mai kula da lafiyar 'yan wasa a ruwa. Na ji zafin wannan ƙwarai. A unguwa kuwa aka samu abin yi. Mutum na alwala sai ya hango ni ya ɗaga buta ya ce, "Taimako, zan nutse!"

Kaka ce kaɗai ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi min jaje ba. Wata la'asar na shiga gaishe ta, na tarar tana tsince shinkafa a faranti. Ta ce, "Maigida, an daina ganinka. Ko kishiya ka yi min?"

Na ce, "Kunya ce, Hajiya."

"Kunyar me?"

"Kin dai gani da idonki."

Ta ci gaba da tsintarta, har na ɗauka maganar ta wuce. Can ta ce, "Ina 'yar yarinya muka ƙetaro tekun nan. Yayana Isuhu ya sunkuya ɗibar ruwa ya zame. Jirgin cike yake da maza, manya manya, amma duk mutanen tudu ne. Kowa ya riƙe gefen jirgi yana salati. Haka ya yi, yadda tsohon nan ya yi, ko kira bai yi ba." Ta ture tsakuwa gefe da ɗan yatsa. "Da na ga ka saki katakon nan, ni ban san fim ba ne ko ba fim ba. Na dai ce ina ma a ranar akwai ɗaya irinka."

Ban taɓa jin sunan Isuhu a gidanmu ba sai ranar. Na jawo farantin na taya ta tsinta.

Na karɓi aikin tsaron ruwan. Daga bayan kyamara na kalli Baba Bakur ya sake nutsewa, na riƙe ƙarfen da ke gabana da hannu biyu, kuma a nan na yarda cewa abin da yake yi sana'a ce mai wuya kamar tawa. Yanzu nakan je wurinsa a Utaibiyya yana koya min wasan, yana cewa matsalata ita ce ban iya tsayawa in kalli abu yana faruwa ba. Gaskiya ya faɗa, kuma tun bayan maganar Kaka ban tabbata ina so in iya ɗin gaba ɗaya ba. Abin da na koya dai shi ne, duk daraktan da ya ba ni matsayi nakan tambaye shi tun farko ko akwai wanda zai mutu a gabana. In ya ce akwai, sai in ba shi shawara tsakani da Allah ya sa a ɗaure ni.